Gwaggo da Kunnen Ɗiyata

Jiya na je barka a Mairuwa, jaririn ya zo kafin lokacinsa. Ban ankara ba na ji yatsana na naɗe masa kunne, sai marigayiya Gwaggo, yayar babanmu, ta faɗo mini a rai.

Haka ta yi wa ɗiyata da ta zo a wata takwas. Mata na ta ƙus-ƙus wai irinsu ba sa zama. Gwaggo ta naɗe kunnen da yatsunta masu ƙamshin man shanu. Ya tsaya a naɗe.

"Gwaggo, mi kike nema?"

"Abin da ya rage mata. A waje za ta ƙarasa. Manna ta a ƙirjinki. In ta cika barci, kada ki ce haƙuri ne, sosa tafin ƙafarta ta tashi ta sha."

Kullum sai ta gwada, ina leƙe. Ranar da kunnen ya miƙe da kansa, ta rangaɗa guɗa: "'Yar nema, sai yau kika iso!"

Har yau ban san wa ya koya mata ba. Allah ya haskaka kabarinta.