Jirgin Ruwan Maigidana

Muna zaune a Aziziyya, a hawa na biyu, shekarar da na yaye auta, maigidana ya dawo daga aiki da la'asar yana janye da jirgin ruwa a bayan motarsa. Ina baranda ina kwashe shanya na hango shi yana fama da ribas, maigadin gidanmu na ɗaga masa hannu. Maigidan nan nawa mutumin Katsina ne fa, haifaffen cikin birni. Ruwa mafi girma da ya taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gidansu, shi ma tsamo shi aka yi.

Aikinsa gyaran manyan na'urorin sanyaya ɗaki ne a wani ƙaramin kamfani, mai kamfanin kuma shi ne kafilinmu, wanda iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu, ke ƙarƙashinsa. Wani Bamisire da zai koma ƙasarsu gaba ɗaya ne ya sayar masa da jirgin, ɗan ƙarami fari mai inji a baya, fentinsa duk ya koɗe. Ya tabbatar masa cewa takardu ba komai ba ne, safiya ɗaya halas, an gama. Ya faɗa masa haka ne ana jibi zai hau jirgin sama, lokacin da ɗan Adam ya fi iya faɗin gaskiya.

Maigidan ya je wurin masu tsaron gaɓar teku neman izinin shiga ruwa, suka ce sai ya kawo inshora, wadda a can ake kira ta'amin. Ya je wurin masu ta'amin, suka ce ba sa ɗaukar tsohon jirgi sai mutuminsu ya duba lafiyarsa. Suka ƙara da cewa takardun ma sunan wanda ya tafi ne a jiki, kuma mai irin iƙamarsa zai sha wuya kafin a rubuta masa jirgi da sunansa. Wani a ofishin ya ba shi shawara ya roƙi kafilinsa a sa nasa sunan.

Kafilin nan, in kana neman ya sa maka hannu a takardar hutu, sai ka yi ta sintiri kana jin bukura inshallah, wato sai gobe in Allah ya so. Amma maganar jirgi, a tsaye ya sa hannu, har da dafa kafaɗa. Maigidan ya dawo yana yabon kirkinsa. Na ce lallai, Allah ya ƙara masa kirki.

Kafin mai dubawa ya samu sukunin zuwa, jirgin ya zama ɗan unguwa. Wata kyanwa ta haihu a ƙarƙashin kujerar direba. Maƙwabciyata 'yar Yaman ta gano babu wurin shanya darduma kamarsa. Yarana kuwa har faɗa suke da 'ya'yan mutane a kan wanda zai riƙe sitiyari.

Mai dubawar da ya zo wani Ba'indiye ne siriri, da 'yar gudumarsa. Ya riƙa zagaya jirgin yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Da ya kai baya, inda injin ke rataye, sai ya danna katakon da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ɗaga rigunan ceto da Bamisiren ya bari kyauta, suka zube masa a hannu kamar garin kwaki. Tukunyar kashe gobara kuma, ya ce ta girmi babban ɗana. Maigidan ya tambaye shi ko akwai abin da ya samu lafiya lau. Mutumin ya yi tunani sosai, sannan ya ce igiyar tana da kyau.

Daga nan gidana ya koma garejin gyara. Duk ranar hutu yana ƙasa cikin rana yana kankare ruɓaɓɓen katako, yana liƙa sabo da wani danƙo mai warin da ke hawowa har ɗakin kwana. A tukunyar da nake miyar kuka ya dama danƙon nan, wai ita ce daidai hannu. Da na yi magana, sai ya ce:

"Maman yara, ki yi haƙuri. Ranar da kika ga Jidda daga cikin teku, za ki manta da tukunya."

Ban manta ba. In faɗi gaskiya, ya iya aiki. Da Ba'indiyen ya dawo, gudumarsa ba ta samu inda za ta yi ƙorafi ba. Aka ba da ta'amin, aka kai jirgin bakin ruwa a Abhur, masu tsaron teku suka yi nasu duban, suka ƙayyade yawan mutanen da zai ɗauka, kowa da rigarsa ta ceto.

Wata Alhamis muka shirya fita. Na dafa shinkafa da kaza, na yi dambun nama, na cika kula da zoɓo. Yaran tun daga gida suka sa rigunan ceto, haka suka zauna a mota suna zufa har Abhur. A bakin ruwa wani soja ya karɓi takardu, ya duba su, ya dubi maigidana, ya tambayi ina mai jirgin. Maigidan ya nuna ƙirjinsa. Sojan ya nuna takarda. Ya ce jirgi ba ya barin gaɓa sai da mai shi a ciki, ko da rubutaccen izininsa, kuma ta'amin ɗin ma mai jirgi da waɗanda ya ɗauka ta sani.

Aka nemi waya aka kira kafili. Bawan Allah, bai ɓata lokaci ba ya zo ya cece mu. Ya zo da matarsa, da 'ya'yansa, da wata gwaggonsa da ta ce likita ya ba ta shawarar shaƙar iskar teku. Da aka ƙirga kawuna, sai ga shi sun cika jirgin cif, saura gurbi ɗaya. Kafilin bai iya tuƙi ba, don haka gurbin na maigidana ne.

Aka tuɓe wa yarana rigunan aka sa wa 'ya'yan kafilin. Auta ya yi ta tsala kuka. Matar kafilin ta ɗauki kular abincinmu da hannunta, tana cewa mashallah mun yi tanadi. Maigidan ya tayar da inji bai yarda mun haɗa ido ba, ya dai ce wa ruwa yanzun nan zai dawo ya ɗauke mu.

Na shimfiɗa tabarma a kan yashi muka zauna muna kallonsu suna ƙanƙancewa. Dab da magariba suka dawo, lokacin da soja ya ce an rufe fita. Gwaggon ta riƙe hannuna ta ce naman nan mai laushi ya yi mata daɗi, sai dai yaji ya ɗan yi yawa, in rage a gaba.

Tun daga ranar, duk Alhamis waya za ta yi ƙara: yalla, taho, iyali sun shirya. Rubutaccen izinin kuwa ya shiga layin bukura inshallah. Sau ɗaya aka ce akwai gurbi, in zo, na ce a gaishe da teku. Shi dai maigidan bai fasa cewa "jirgina" ba a gaban baƙi, kuma duk shekara shi ke jan sa zuwa wurin dubawa.

Da kwantiraginsa ya ƙare muna haɗa kayan komawa gida, kafilin ya zo sallama da kwalin dabino. Ya rungume shi, ya ce ya yi rashin ɗan'uwa. Sannan ya tuna cewa ta'amin ɗin za ta ƙare wata mai zuwa, ko zai taimaka ya kai jirgin a duba kafin ya tafi, tunda shi ya san kansa.

Na dubi maigidana, ina jiran in ji yau me Bakatsine zai ce. Ya ɗauki makullin mota, ya tambaye ni ko na ga inda ya ajiye igiyar jan jirgin.