Rokar da Na Wanke da Soso

Mun tashi da asuba daga Rabah, ana sallame salla, mu uku a motar ƙanena. Shi yana tuƙi, ni da ƙanwar maigidana muna baya, ga wani dogon kaya naɗe cikin bargo kwance a kan cinyoyinmu. Wannan ce fitata ta farko daga gari tun da na gama takaba. Masu aiko mini saƙo suna tambayar ina na shiga, ga inda na je.

Abin da ke cikin bargon roka ce, amma ba mai tashi ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa. Idan ya dawo gida kuwa, ƙananan rokoki yake ƙerawa, kwafin manyan nan da ake harbawa sama. Yakan nemo hoto da awon ta gaskiya a waya, ya rage komai zuwa kashi ɗaya cikin hamsin, ya yanko ragowar bututun ban-ruwa, ya goge, ya yi fenti. Sannan ya zauna da tsinin allura yana ɗiga gam ɗigo-ɗigo har su fito kamar kawunan ƙusa. Shekara da shekaru maƙwabta suna tambayarsa yaushe za ta tashi, amsarsa kuma ba ta sauyawa: "Ran da kunka sayo mata mai."

Su biyar ne masu wannan sha'awa a yankinmu. Kowace shekara idan an kwashe albasa sukan haɗu a gidan babbansu, wani tsohon malamin makaranta a Goronyo, kowa ya kawo abin da ya ƙera a jera a kan kanta. Saura kwana uku ya rasu, maigidana ya ce in kai tasa ta bana, kada gurbinsa ya zauna wayam. Ya ce ƙafarta ta huɗu tana wurin wani tsoho mai ƙirar gwangwani a Wurno, in biya in karɓa. Na ce masa to. Wannan to ɗin ne ya fito da ni.

Abu ɗaya na yi mata kafin tafiyar, kuma a lokacin gani nake na kyauta. Da ciwonsa ya yi tsanani na matso da murhu bakin ƙofar ɗakinsa, don dafa ruwa da magani. Cikin takaba, ranar da na iya shiga ɗakin, na tarar rokar ta yi baƙi daga gindi har tsakiya. Kunya ta kama ni. Mutum ya yi wata bakwai yana aiki, hayaƙina ya ɓata masa. Na ɗauko soso da sabulu na wanke ta tas, sai da ta koma fara kamar haƙori.

Hanyar Rabah zuwa Wurno ba ta da nisa, ramuka ne ke ƙara mata tsawo. Duk ramin da muka faɗa sai ƙanwar maigidana ta rungume hancin rokar tana salati, har ƙanena ya ce ko jaririn fari bai samu wannan gata ba. A wani shingen bincike jami'in tsaro ya leƙo ya tambayi mene ne a bargo. Ƙanena, da yake Allah ya yi shi mai gaskiya fiye da kima, ya ce, "Roka ce, ranka ya daɗe." Kun san halin da yankinmu yake ciki. Kafin mutumin ya gyara tsayuwa, ƙanwar maigidana ta yaye bargon tana cewa, "Ta roba ta, ɗan'uwa! Ƙwanƙwasa ka ji!" Ya ƙwanƙwasa, ya leƙa cikinta, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Da za su sallame mu ya tambaya ko tana tashi. Na ji amsar marigayi ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

Wurno tun kafin ka shiga take sanar da kai da ƙamshin albasa. Ko'ina rudu ne, rumbunan karan nan da ake adana ta, ga buhuna jibge a bakin titi, ga tafarnuwa an ɗaure dami-dami. Masu albasar suna kukan ta faɗi, masu saye suna kukan ta yi tsada, kamar kowace shekara. Mun karya da waina mai zafi da kunun tsamiya wurin wata mata kusa da tasha. Wainar Wurno ta fi tamu girma, kuma ba su rowar mai.

Rumfar tsohon tana bayan kasuwa, cike da mazurarai da fitilu da ludayen gwangwani. Ya yi mini ta'aziyya, ya jima yana addu'a, sannan ya ciro ƙafar daga cikin wani tsumma. Ya ce a buɗe ya gwada. Da aka yaye bargon sai ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata, wa yaw wanke ta?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Hayaƙin murhuna ne ya ɓata ta."

"Wane murhu? Wanga baƙi ai shi yay yi abinai da hannunai." Ya miƙa hannu ya sauko da wata 'yar fitilar kananzir mai faɗin lagwani. "Irin wagga niƙ ƙera mai, don ta ba da hayaƙi da yawa. Kwana tara yana turara ta. Nan yak kawo ta in auna ƙahwa, ko taɓa jikinta bai bari na yi ba."

Ya bayyana mini abin da ban sani ba. Wannan rokar kwafin irin wadda take zuwa sama ta dawo ce, ta sauka a tsaye a kan ƙafafunta. Wutar dawowa ce take ƙona jikinta. Wadda aka gani fara fat, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Abin da ya rage wa marigayi shi ne ya fesa mata man da zai kama hayaƙin ya zauna, sai ciwo ya riga shi.

Ban yi kuka ba. Na dai nemi benci na zauna. Aikin ƙarshe da hannunsa ya yi a duniya, ni na bi shi da soso.

Tsohon ya tausaya mini. Ya ce in ba shi rabin sa'a ya turara mini ita, babu wanda zai gane a Goronyo. Ƙanena ya ce in karɓa, ai taimako ne. Na so in karɓa ƙwarai. Amma na tuna mutanen can abokan maigidana ne, za su tsaya gaban kanta suna yaba hannunsa, ni kuma ina gefe na san ba hannunsa ba ne. Wankewar kuskure ce, wannan kuwa da saninna zan yi. Na gode masa, na ce ya ɗaura ƙafar kawai, ya sayar mini da fitilar. Ya ɗaura, ya miƙo fitilar, ya ƙi karɓar ko sisi.

Daga Wurno muka kama hanyar Goronyo. Mun wuce mararrabar da ake shiga Lahodu, gonakin tudu duk a share suna jiran ruwan sama, ƙasa ja, zafin bazara ya fara sauka tun hantsi. Can gaba sai fadama ta buɗe kore shar, injinan ban-ruwa suna ta ƙara. Akwai wani injin da na ji yana tari a gefen hanya, na san da marigayi yana motar sai ya sa an tsaya. Raƙuma da amalanken shanu sun fi motoci yawa, kuma babu mai kauce wa wani sai an yi ciniki da hon.

Ƙanena ya zagaya da mu ta bakin dam don ƙanwar maigidana ba ta taɓa gani ba. Ruwan ya ja baya saboda rani, duk da haka ido ba ya kaiwa ƙarshensa. Masunta suna fitowa da tarwaɗa da karfasa, mata suna soyawa a wurin. Kuɗin da zai saya maka uku a Rabah, a nan biyar ne har da gyara. Na saya na riƙe don iyalin gidan da za mu.

Mun tarar sauran huɗun sun hallara a rumfar tsakar gidan Malam, matarsa ta shimfiɗa mana tabarma a gefe. A kan kanta ga rokoki huɗu, ga gurbi ɗaya a tsakiya an share an bari. Bayan gaisuwa da addu'a, ban jira an buɗe bargon ba. Na faɗi abin da na yi tun daga murhu har soso. Sannan na yaye da kaina.

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ciro wayarsa yana lalube.

"Ƙanwata, za ki iya jin muryatai?"

Na ce zan iya, ko da yake ban tabbata ba. Ya danna. Sai ga maigidana, lafiyarsa lau, yana magana da dariya a bakinsa:

"Malam, ka ga hoton? Hayaƙi ya kammala, saura hweshi. Amma ka taya ni addu'a kada mutuniyar ta gan ta. In tag gan ta, wallahi wanke ta za ta yi. Ko ni in na daɗe zaune wuri guda, soso taka ɗaukowa."

Daga nesa cikin saƙon ana jin wata mace tana ƙwala kira cewa tuwo yana hucewa. Ni ce.

Ƙanwar maigidana ce ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, sauran ma kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi yana share ido. Malam ya ce, "To kin ji. Ya san halin kayanai. Ba ki yi abin da bai sani ba."

Ɗaya daga cikinsu, wani tela daga Kagara, ya ce a ajiye ta haka fara, ai ta yi kyau. Na ce a'a. Marigayi wadda ta je ta dawo ya ƙera, kuma ita na yi alkawarin kawowa. Na fito da fitilar. Na roƙi Malam ya buɗe mini hoton da marigayi ya turo masa ya riƙe, ya kuma shaida wa duk wanda ya tambaya cewa jiki aikin marigayi ne, hayaƙi na matarsa ne.

Suka nuna mini inda ake manna tef, wuraren da ƙafafu ke rufewa idan an naɗe su, don nan wuta ba ta taɓawa. Suka yi ta gargaɗina kada in matso da harshen wutar, roba ce, narkewa take. Na bar su suka gama. Shekarata ashirin da shida ina kallon yadda hayaƙi ke hawa gindin tukunya, na san inda yake yin kauri da inda yake sirancewa. Ƙanwar maigidana ta riƙe hancin rokar tana juya ta a hankali, ni ina bi da fitila daga ƙasa zuwa sama. A cikin bakunan wuta tara da ke gindin rokar, inda sosona bai kai ba, baƙinsa yana nan. Da shi na yi ta gwada nawa har suka zo ɗaya.

Abin da ya ɗauke shi kwana tara ban ce na yi shi cikin sa'a biyu ba. Nawa ya fi nasa kauri ta gefe ɗaya, kuma akwai inda hannuna ya goce. Telan ya duba ya duba, ya ce, "Malam, mu dai mun ji kunya. Shekara nawa muna ɓata kananzir, ashe gwanar tana madahwa." Malam ya fesa man da kansa, muka jira ya bushe, ya ce ni zan ɗora ta. Na ɗora ta a gurbin, ta tsaya a kan ƙafafunta huɗu.

Mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi, muka yi azahar, muka kamo hanya da wuri, don hanyoyinmu yanzu ba a yin yamma a kansu. Bargon ya dawo a ninke. Ƙanwarsa ta yi barci tun kafin Wurno, cinyoyina kuma suka yi ta jin babu nauyin da suka saba da shi tun safe. La'asar sakaliya muka shiga Rabah lafiya.

Tafiyar ta koya mini cewa na zauna da mutum shekara ashirin da shida ina share masa ɗaki ban taɓa tambayarsa me yake yi a ciki ba, shi kuwa ya san ni har abin da zan yi bayan ransa. Ta kuma koya mini cewa faɗin gaskiya a gaban mutane bai kai zullumin faɗinta nauyi ba. Masu sauran lokaci da nasu, ku riƙa tambaya.

Malam ya turo mini saƙon muryar, ban sake saurara ba tukuna, na dai san yana nan. Jiya na shiga ɗakin da tsumma a hannu. Akwai wata roka a bayan ƙofa da bai gama ba, da wani ja-ja kamar tsatsa a gefenta. Na ɗaga tsumman, sai na ajiye. Na ɗauki hotonta na tura Goronyo, na rubuta a ƙasa: "Malam, wannan datti ne ko aiki?"