Salkar Ƙarshe ta Mai Baƙin Keke

Da azumin bana shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda ban faɗa yana raye ba. Mutanen Haɗeja Mai Baƙin Keke suke ce masa. Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata malamar makaranta ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa.

Baduku ne, gadonsa ɗinkin salka da guga. Fulanin da ke saukowa fadama da rani, da fataken da ke wucewa Barno, a wurinsa suke sayen abin ɗaukar ruwa. Da basilla yake ɗinki, da siririyar igiyar fata. Ita igiyar in ta sha ruwa sai ta kumbura ta toshe hudarta, ko ɗigo ba ya fita. Sai dai salka ɗaya kwana uku take ci, ga yatsunsa sun fara sanƙarewa.

Shekarar da Turawa suka sauke tutarsu, sai ga shi da amalanke a ƙofar gida, ɗauke da wani ƙaton keken ɗinki da aka yar a tashar jirgi, inda dā ake ɗinka tamfol na rufe gyaɗa. Tsatsa ta cinye shi, zanzaro ya yi ɗaki a cikinsa.

Na ce, "Malam, wannan gawar fa, a ina za mu binne ta?"

Ya ce, "'Yar Auyo, ke kifi kika sani. Wannan hannuwana ne na tsufa."

Ya kwance shi ƙusa-ƙusa a kan tabarmata, ya jiƙa a kananzir cikin kwanonin aurena. Abin da ya ɓace, maƙeri ya ƙera masa. Wata bakwai, keke ya motsa. Amma kirgi, jemammiyar fatar shanu, na da kauri, ƙafar mutum ba ta daɗewa tana taka shi. Sai ya samo mataccen injin ban-ruwa, ya tashe shi, ya yanka bel da fatar bijimi ya haɗa shi da keken. Ranar da ya fara tayarwa, injin ya fizgi fatar da yake ɗinkawa ya kekketa ta, allura ta karye ta cake a zana, kajina suka haye katanga. Daga baya ya sa aka sassaƙa masa faifan katako mai faɗin tire, ya bi da bel ta kansa, har injin ya koyi tafiyar raƙumi.

Salkar farko kafin azahar ya gama ta. Wani Arɗo, tsohon mai cinikinsa, ya saya. Bayan mako ya dawo.

"Baduku, salka na saya ko rariya? Takarkarina ya yi wanka, ni na yini da ƙishi."

Mutanen zaure suka yi dariya, Malam bai yi ba. Ashe zare ba fata ba ne, ba ya kumbura. Kowace huda da keken ya yi ƙofa ce a buɗe.

Damina shida ya yi yana neman maganin wannan ɗigon. Ya shafa danƙo, rana ta narkar. Ya yi layi biyu, ɗigo ya zama biyu. Na sha ce masa ya koma ga basillarsa, sai ya miƙo min yatsunsa in gani. A ƙarshe ya dafa zaren a kakin zuma, ya kuma shimfiɗa siririyar fata tsakanin bakunan ɗinkin biyu, don ita ta kumbura ta rungume zaren. Ya cika salkar ya rataye a zaure. Rana ta uku ya kira ni.

"'Yar Auyo, zo ki taɓa ƙasa."

Na taɓa. A bushe take ƙamas.

To, jama'a, ashe mun makara. Ya ɗinka salkuna ya kai kasuwar Kafin Hausa, ya tarar ana yanka tif na tayoyin manyan motoci ana yin guga, ga jarkoki jere. Har Arɗon nan ya gani da jarka biyu a kan takarkarinsa. Arɗon ya sunkuyar da kai ya ce, "Baduku, ita ba ta neman mai, ba ta neman inuwa." Yadda Malam ya tafi da kayansa haka ya dawo da su. Bai ƙara tayar da injin ba. Damina ta gaba tari ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Nakan ce, da zai leƙo yau, me zai gane? An ce kuɗin man fetur ya zo. Fata ɗanya ake lodawa a mota a yi Kano da ita, majeman unguwarmu sun watse. Tun da aka tare ruwa can sama, kogi ba ya malalowa inda ya saba, bagaruwar da ake jima da ita tana bushewa a tsaye. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Juyowa gida zai yi, kamar yadda ya yi a Kafin Hausa.

Abin da ya sa na yi wannan magana: autana yana son zauren ya buɗe shagon bokitai da robobi. Ban ga laifinsa ba, yana da bakunan da zai ciyar a gida. Ya yi magana da maƙera, bayan ƙaramar salla za su fasa keken su yi fartanya. Na roƙi a bar ni in yi cigiya. An faɗa a masallaci Juma'a uku, ba wanda ya zo. In akwai baduku da ya san darajarsa, ya zo Haɗeja ya tambayi gidan Mai Baƙin Keke, ya ɗauka kyauta, in gaya masa yadda ake dafa zaren, don ni kaɗai na rage da sani. Ban sa rai ba.

Salkar nan ta zaure tana ɗakina. Shekara tara ina shafa mata man shanu, ina cika ta. Shekaranjiya na ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashinta. Na bi ɗinkin da yatsa tun daga wuya har gindi, huda-huda, ko'ina a bushe. Fatar ce ta gaji ta tsage a ciki. Ɗinkinsa bai saki ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya shayar da shi. Ni dai yanzu a jarka nake shan ruwa.