Hotunan Ɗakin Baba

Mahaifina ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai har aka rufe ta. Abin da ya fito da shi daga can, ban da tari, shi ne son hotuna. In an tashi daga aiki sai ya tsaya wajen masu ƙosai a bakin get, ya roƙi bangon tsofaffin mujallun da suke ƙunshe kaya da su. Masu zanen hannu yake so: jirgin ƙasa, 'yan dambe, mata a bakin rijiya. Ya kawo su gida Ɗorayi, ya goge maiƙon, ya manna a garun ɗakinsa da sitacin da ake yi wa zare. Mu 'ya'yansa tsokanarsa muke yi, wai Baba ya buɗe gidan tarihi, shi ne mai gadi, shi ne ɗan kallo.

Ina da iyalina lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Yayansa, Baffa, ya zo daga ƙauye dubiya. Yana shiga ya ɗaga kai, ya ɓata rai. Ya ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hotuna, ga shi jiki ya yi tsanani, in cire su yanzun nan. Baba bai musa ba, bai taɓa jayayya da Baffa ba. Ni kuwa na ƙudurta zan ɓamɓare su a hankali, in adana masa a akwati.

Na ɗauko wuƙa. Na farko ya rabe biyu. Na biyu ya bar rabin ɗan dambe a garu. Haushi ya kama ni, na Baffa da na kaina, sai na hau kankara kamar mai cire ƙanzo. Baba yana kwance yana kallo. Sai da na kusa gamawa ya yafito ni, na sunkuya.

"Da ka jiƙa su da ruwan ɗumi," ya ce, "da kansu za su sauko. Sitaci ne."

Babu faɗa a muryarsa, koya mini kawai yake yi. Bayan kwana uku ya rasu.

Har yau abin yana cin raina. Da gumin mutumin nan na girma, amma ban taɓa zama ko sau ɗaya na tambaye shi yadda yake aikinsa ba.