Ranar da Inna Rariya Ta Hau Kan Famfo

A gidan hayar nan na bayan kasuwa, mai ɗakuna a jere kamar akurkin kaji, famfo ɗaya ne tal, gajere iya gwiwa, kuma kowa ya san mai iko da shi: Inna Rariya mai wankau. Fuskarta ce ta ja mata sunan. Cutar agana ta bi ta kanta tana ƙarama, ta huhhuda mata fuska har kan hanci, ta tafi da ido ɗaya. In yara suka kira ta da sunan, sai ta ce, "Na'am, masu santsin fuska. Me za a tace muku?"

Bakinta ya fi sabulunta kumfa, amma ba a taɓa haihuwa a gidan ba ta kwashe kayan mai jego ta wanke ba.

Shekarar da agana ta dawo unguwar, hukuma ta turo masu lamba gida-gida. Su ɗan tsaga fatar dantse, su ɗiga maganin rigakafi, su wuce. 'Yan gidan kuma da tasu dabarar: da masu lamba sun ba da baya, sai a ruga famfo a dirje wurin da sabulu da toka. Don in lambar ta kama, hannu ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da mutum, ranar ba a ɗora tukunya. Wanda hannunsa bai tashi ba har barka ake yi masa.

Inna na da jika ɗaya, jaririya ko zama ba ta fara ba. Ta kuma hango uwar yarinyar, wato 'yarta, tana ƙulle guntun sabulu a bakin zane.

Da sassafe Inna ta bi ɗaki-ɗaki ta kwashe ruwan kowa, wai wanki ya yi mata yawa. Masu lamba suka zo, suka gama, suka fita. Jama'a suka yo famfo, kowa riƙe da dantse, suka tarar ta kife babban bahonta a kansa, ta haye ta zauna daram. Inna kuwa ba ƙaramar mace ba ce.

Wani ɗan dako da ke haya a gidan ya ce, "Inna, ɗan ɗaga, alwala zan yi."

"Da hantsin nan? Yaushe ka zama waliyyi?"

Wani tela ya ce, "Haba Inna, da hannun nan nake ci."

"Da ƙafa kake taka keke, malam. Matsa."

Sai ga 'yarta, jaririya na tsala kuka a kafaɗarta. "Inna, don girman Allah. Dubi ƙanƙantarta. Zazzaɓin nan zai kayar min da ita."

Inna ta karɓi jikar, ta naɗe hannun rigarta. "Dubi dantsena. Sumul, ko? Uwata ce ta wanke min tawa lambar da toka, don tana sona. Har barka aka yi mata." Ta nuna fuskarta. "To, ga barkar."

Telan ya nemi gindin bango ya zauna. Inna ba ta sauka ba sai da rana ta take, maganin ya bushe a jikin kowa.

Cikin mako gidan ya cika da kumburarrun hannaye, kowa na tsine mata a ciki. Ita ta yi musu wanki da girki, tana zaginsu ragwaye. Da zazzaɓi ya kama jaririyar kuwa, bakin Inna ya mutu murus. Tana rungume da ita, tana leƙa fuskar da idonta ɗaya, ko ƙuraje sun feso. Ƙurji ɗaya ne ya fito, a dantse. Ya bushe, ɓawon ya faɗi, ya bar tabo.

Agana ta yi ɓarna a layin, an fitar da gawa daga gidan dama da na hagu. Gidan Inna ba ta ɗauki kowa ba.

Yarinyar ta girma da fuska kamar ɓararren ƙwai. In Inna ta dube ta sai ta taɓe baki ta ce, "Ko kaɗan ba ki yo ni ba," ta kau da kai tana murmushi. Bahon dai tun ranar ya lotsa, bai ƙara zama daidai a ƙasa ba.