Fankar da Ke Hura Waje

Mijin ƙanwata ne ya kashe min mota. Ba hatsari ba ne, ba tsufa ba ne, shi ne da hannunsa, da filaya ɗaya da baki mai yawa.

Motar kuwa ba irin ta kowa ba ce. Wani Bature ne ya ratso hamada da ita, tun kafin wayar hannu ta shigo Njamena, ya gaji, ya sayar ya hau jirgi. Mu a unguwar Guji mota mai ɗaki muke ce mata, don akwai gado a ciki, da murhu, har da ɗan makewayi. Rumfar naman da na gada na sayar na saye ta, ita ke nan abin da na mallaka. Na cire gadon, na shimfiɗa ciyawa, na fara kai raguna Kusuri, tsallaken kogi a Kamaru. Sha huɗu take ci, in ka tura biyu makewayi.

Saura kwana uku Babbar Sallah fankar injin ta mutu, ga zafin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa. Ina shirin kai ta gareji sai ga mijin ƙanwar tawa.

"Haba Yaya, ina raye za ka kai wa kanikawan Klemat? Ni fa a Maiduguri na koyi inji."

Daga baya na ji wankin mota ya yi a can, shi ma wata biyu.

Ya samo fankar wata ƙaramar mota da ta mutu, ya ɗaure ta a bayan lagireto, ya haɗa wayoyi. Na tayar. Iska ta fito ta gaban motar har ta cire min hula.

"Ka ji ko? Ta Baturen ma ba ta kai wannan ba!"

A aji huɗu na bar lakwal, makarantar boko ke nan. A sanina, fanka mai kyau ita ce wadda ta hura ka. Maƙwabta ma suka jawo benci suka zauna gaban motar suna shan iska, suna sa masa albarka.

Muka zagaya unguwa don gwaji, sai na ga allurar zafi tana hawa ja. Na nuna masa. Ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya yi 'yan tabe-tabe, ya fito. Allura ta kwanta.

"Kalas, an gama. Allurar ce ke zazzaɓi, inji lafiyarsa ƙalau."

Washegari da hantsi na loda raguna na nufi gadar Ngeli, inda ake tsallakawa Kusuri. A kan gada layi ya tsaya cak. Na fara jin wari kamar an manta tukunya a wuta. Na duba allura, tana kwance abinta. Na ce to, warin na wani ne. Masu babur suna bubbuga min ƙofa suna nuna gaba, ni kuma ina ɗaga musu hannu, na ɗauka motar suke yabo. Sai tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya yi ƙara sau biyu kamar ana sara ƙashi, ya yi shiru.

Raguna suka hau kuka. Na buɗe musu ƙofa su sha iska, suka yi waje gaba ɗaya. Uku suka tsallaka Kamaru ba takarda, ba ko sallama da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito. Har yau ban ji labarinsu ba.

Aka ja motar zuwa Klemat ɗin da na ƙi zuwa. Wani dattijon bakanike ya haɗa fankar da batir, ya yagi takarda ya saki a gaban lagireto. Takarda ta tashi ta faɗa kwata.

"Kamata ya yi ta manne," in ji shi. "Fankar inji jawo iska take ciki, ta sanyaya ruwa. Taka turo zafin inji take ta cikin lagireto. Wayoyi biyu aka haɗa a juye. Da jiya ka zo, kafin ka shanye shayi na gama."

Ya zaro wata waya a tsinke daga ƙarƙashin sitiyari, ya nuna min: wayar allurar zafi ce. Kan injin ya ƙone, kuma irinsa babu a Cadi.

Ranar Sallah mutumin ya zo gidana cin nama, cikin sabuwar shadda. Ya dubi motar a ƙofar gida, kaji sun riga sun tare a ƙarƙashinta.

"Malesh Yaya, sai haƙuri, ƙaddara ce. Amma ka ga fankar tana aiki."

Na shiga ciki na ɗauko fankar, na ɗora masa a cinya, a gaban ƙanwata da kowa.

"Ga fankarka. Laifin haɗa waya a juye na yafe, jahilci ne, ni ma ina da nawa. Amma motar nan ta yi magana, ta ce tana ƙonewa, ka shiga ka toshe mata baki. Ka ci namanka don darajar ƙanwata. Daga yau ko tocilan ɗina ce ta mutu, in ka taɓa ta sai na karya maka hannu."