Gafakar Malam Sidi da Katun ɗin 'Yan Dambe

Shekara ashirin da biyar ke nan cif da muka ɗauki Malam Sidi daga gidansa na Arkilla muka kai shi makwanci. Allah Ya jiƙansa da rahama. Na saba duk shekara in yi masa addu'a in yi shiru, domin ban ga abin da zan faɗa wa mutane a kansa da ba su sani ba. Bana dole ta sa na ɗauki alƙalami. Mun yi karatun allo a zaure ɗaya, mun shekara arba'in kusan kullum sai mun gaisa, amma sai watan jiya na gane akwai abin da ya zauna da shi tsawon rayuwarsa ban taɓa jin ko ƙamshinsa ba.

Sidi ɗan mahauta ne, kuma kamar yawancin samarin gidansu ya taso da dambe. Na ga hannunsa na hagu a naɗe da kara, igiyar 'yan dambe, na ga masu kalangu suna bin bayansa suna yi masa kirari. Da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, gwamnati tana neman duk wanda ya iya rubuta sunansa, ya sami aikin kula da sito a wata ma'aikata. Ya sayi babur, daga baya ya sami gida a Arkilla. A tsakanin nan ne ya bar dambe rana ɗaya. Ko kiɗan ya jiyo daga nesa sai ya sake hanya. Mu duka mun ɗauka girma ne ya zo, muka yi masa murna, ba wanda ya tambaya.

Watan jiya babban ɗansa Nasiru ya same ni a gida da wata gafaka ta jar fata, ya riƙe ta da hannu biyu. Ya ce littafin mahaifinsu ne da ya rubuta da ajami, suna so in juya shi zuwa boko a buga a raba wa jama'a ranar addu'ar cikar shekarun rasuwarsa. Na tambaye shi abin da ke ciki. Ya ce ba su sani ba. Bayan rasuwar sun buɗe sun ga bisimilla da salatin Annabi a saman shafin farko, sai suka rufe. Su 'yan boko ne, baƙaƙen Alƙur'ani kawai suka iya, rubutun Sidi kuwa ƙanana ne, babu wasali. Mahaifiyarsu, Hajiya Luba, ta yanke cewa addu'o'i ne da sirrin malamai, ta ɗora gafakar a kan durowa, ba mai taɓa ta sai da alwala. In jika ya yi zazzaɓi a sa masa ita a ƙarƙashin matashi. Sau huɗu ana kai gafakar asibiti a jakar haihuwa, duk lokacin da ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ta fara naƙuda.

Ni ma sai da na yi alwala. Na shimfiɗa buzu bayan hantsi, na kwance igiyar. Bayan bisimilla da salati, ga abin da na karanta: "Kaset na ɗaya. Yaron nan mai tsayayyen gashi ya shiga gasa. Tsayuwatai ba ta da kyau, ƙafar baya a sake take. Da a fagen gaske na, turmi guda ba ya kaiwa."

Na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Na buɗe tsakiya, na buɗe ƙarshe. Shafi sama da ɗari, duka a kan wani katun na ƙasar Japan, irin zanen nan mai motsi da jikokina ke kira anime, inda ake tara mayaƙa daga ko'ina a yi ta karawa biyu-biyu har a fitar da gwani ɗaya. Na daɗe zaune ban motsa ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Abin da aka yi shekara ashirin da biyar ana sa wa jarirai a ƙarƙashin kai ke nan.

A shafi na uku na ga sunan Bitrus, sai na san inda zan nufa. Malam Bitrus maƙwabcin Sidi ne a Arkilla, Kirista, malamin makaranta da ya zo Sakkwato tun yana saurayi. Yanzu ya yi ritaya yana zaune wajen ɗiyarsa a Gidan Igwai. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, dariya ya yi har da tari.

"Malam, ashe rubutawa yake yi? Ni na ɗauka lissafin sito ne yake dubawa. Yarana na saya wa kaset ɗin, suka tafi makarantar kwana suka bar mu da shi. Mu biyu, tsofaffin banza, kowace Asabar tsakanin azahar da la'asar."

"Ni kuma ina ina?" na ce.

"Kana gida kana koyar da littafi. Ya ce in ka ji, sai ka yi masa wa'azin sati guda."

Gaskiya ya faɗa, da na yi. Lokacin mulkin soja ne, shekarun layin mai da ɗaukewar wuta. Bitrus ya ce wani lokaci a tsakiyar naushi wuta za ta tafi, su jira sati kafin su ga inda hannun ya sauka. Shi yake karanta Turancin da ke ƙasan hoton yana fassarawa, Sidi kuma yana gardama da talabijin kamar tana jinsa.

Na koma gida na karanta littafin daga farko har ƙarshe, kwana uku. Ban taɓa kallon katun ɗin ba, kuma ba na jin zan kalla, amma na san shi yanzu ta idon mutumin da ya san abin da yake faɗa. Abin da ya fi yabawa shi ne ba a nuna gwani ya faɗo daga sama. Ana nuna yaron yana ɗaukar duwatsu, yana gudu da asuba, malaminsa tsoho yana zaginsa. Ya yaba yadda ake ba abokin karawa nasa labarin kafin a shiga fage, a nuna garinsu da uwarsa da abin da ya fito da shi, har mai kallo ya rasa wanda zai goya wa baya. Ya rubuta cewa wanda ya tsara wannan ya san faɗa, domin duk wanda ka tsaya a gabansa akwai masu jiransa a gida. Ya kuma ji daɗin yadda abokan gaba suke komawa abokai bayan an tashi, ya ce haka 'yan dambe suke, ku yi jina-jina da yamma, da safe ku sha fura a ƙwarya ɗaya.

Inda ya kushe kuwa bai rage komai ba. Ya ce karawa ɗaya sai ta cinye kaset biyu, rabi duk kallon-kallo ne da surutu, mutum ya tsaya yana bayyana wa abokin gaba sirrin bugun da zai yi masa. "Wane wawa ka hwaɗin wanga?" in ji shi. Ya ƙi jinin yadda yaron yake cin kowace gasa da ihu: an yi masa dukan kawo wuƙa, sai ya tuna abokansa, ya kurma ihu, ƙarfi ya zo masa daga inda ba a sani ba. Ya ce wannan ya rushe duk wahalar horon da aka nuna da farko. Matan ciki, in ji shi, ba su da aiki sai kuka a bakin fage. Har rashin makaɗa ya dame shi.

Amma akwai aibi ɗaya da yake komawa kansa kusan kowane shafi goma. Ba wanda ke jin ciwo ya dawwama da shi. A farfasa wa mutum ƙashi, a jefa shi ya tsaga bango, kaset na gaba ga shi da ɗan ƙyalle a goshi yana cin abinci yana dariya. Ba a taɓa bin wanda aka kayar zuwa gidansu a ga yadda ya ƙare ba. Na yi ta mamakin zafin da yake rubuta wannan da shi, har alƙalamin yana huda takarda, sai da na kai shafi uku na ƙarshe. A nan ya bar maganar katun. Ya rubuta cewa a dambensa na ƙarshe ya kara da wani saurayi mai suna Mamman, mutumin Kwalkwalawa, ya same shi a gefen kunne. An ɗauke Mamman a kan ƙyaure. Daga baya ya ji kunnen ya mutu, hannunsa kuma ya kama rawa, ko fartanya ba ya iya riƙewa da kyau. "Ni na yi mai wanga. Kullum ina cewa in tahi in gane shi, kunya ta hana ni. Allah Ka yafe min."

Ina duban jikokina yanzu, kowa da waya a hannu, suna kallon irin wannan zane ɗari-ɗari, ba jiran wuta, ba jiran Asabar. Nakan tambayi kaina me Sidi zai ce. Ina jin zai zauna a tsakiyarsu ya karɓe wayar, ya nuna musu inda ƙafar yaron ta kauce. Ina kuma jin zai tsorata da yadda suke tsallake wurin horon su tafi kai tsaye wurin duka.

Saura kwana goma taron addu'a, ni kuwa na rasa abin yi. In na yi shiru na ce rubutun ya gagare ni, na yi ƙarya, kuma gafakar za ta koma ƙarƙashin kan jarirai ana jingina mata abin da Allah kaɗai ke bayarwa. In na faɗa, na rushe wa tsohuwa abin da ta riƙe tun rasuwar mijinta, na kuma tona abin da shi bai tona ba. Na yi istihara, na tafi Arkilla. Na zauna a falo, Hajiya Luba tana daga bakin ƙofar ɗaki, Nasiru yana gefena, na karanta musu shafin farko da ukun ƙarshe.

Nasiru ya miƙe tsaye. "Baba Malam, katun? Shekara ashirin da biyar muna alwala saboda katun? Na riga na gaya wa mutane Baba ya bar littafi!"

"Zamna, kai," in ji Hajiya. "Ai littafin ya bari. Mi anka yi?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni dai ɗiyana sun haihu lahiya, Allah Ya yi, ba gafaka ba. Amma Malam, wanga Mamman, shina da rai?"

Ban sani ba. Washegari ni da Nasiru muka shiga mota zuwa Kwalkwalawa, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Muka yi tambaya wajen masu sayar da rake a bakin hanya, aka kai mu wani gida a bayan gonakin albasa. Mamman ya rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansa, magidanci mai furfura, ya shimfiɗa mana tabarma. Da Nasiru ya faɗi sunan mahaifinsa, ya fara neman gafara a madadinsa, mutumin ya tare shi.

"Kai ɗan Sidi na? Sidi mai bahagon tsalle? Ai Baba har ya mutu shina ba mu labari nai. Kowa yaz zo gidan ga sai ya nuna mai kunnen, ya ce ba ƙaramin mutum yat taɓa shi ba. Wace gafara? Dambe na, da ƙafa tai ya shiga." Sai ya ƙara da cewa, "Abu guda dai yakan ce. Ya ce har yanzu Sidi bai zo gaishe shi ba, ko lahiya?"

Muka yi masa sallama muka dawo gari.

Ba a buga littafin ba. An yi addu'a ranar da aka sa, ɗan Mamman ya zo da mutum uku daga ƙauyensu, Malam Bitrus ya zauna a waje a kan kujera yana karɓar gaisuwa. Da zan auna abokina yau, zan ce mutum ne mai ido. Ya kalli zanen yara ya hango abin da masu zanen suka ɓoye, domin ya san nauyin hannun ɗan Adam a kan ɗan'uwansa, kuma 'ya'yansa shaida ne bai taɓa ɗaga wannan hannu a kansu ba. Amma ya cika shafi ɗari yana zargin wasu da ƙin bin wanda aka kayar zuwa gida, shi kuwa yana da babur, yana da mai a tanki ko a shekarun wahala, bai je ba. Mamman ya yafe tun kafin a roƙe shi, ya zauna yana jiran baƙon da kunya ta riƙe a Arkilla. Allah Ya gafarta musu su biyun, Ya haɗa su a inda za su gaisa.